Wasan Tanis na Mata Bi-biyu: Ƙofar da Gasar Dala Ta Kamata Ta Faɗaɗa

Fiye da shekara talatin ke nan ana gudanar da gasar ƙwallon tanis ta Dala a filayen Kano Club da ke birnin Kano. Gasa ce ta kuɗi, wadda ta ari sunan Dutsen Dala, kuma takan tara fitattun 'yan wasan Nijeriya maza da mata. Sai dai a nan, kamar a sauran duniya, idon jama'a yana kan wasan ɗai-ɗai. Wasan bi-biyu, inda mata biyu kan haɗa kai su fuskanci wasu biyun, akan ɗauke shi tamkar gyara bayan ciniki. Wannan kuskure ne, domin idan akwai hanyar da 'yar Bahaushe za ta bi ta shiga sana'ar tanis, to wannan ce mafi kusa.

Da farko, wasan bi-biyu fanni ne mai zaman kansa. Tsawon fili ɗaya ne, wato mita 23.77, amma faɗinsa yakan tashi daga mita 8.23 zuwa 10.97. Ɗaya takan tsaya kusa da raga, ɗaya a baya, kuma kafin a buga ƙwallo ta gaban takan yi wa abokiyarta ishara da yatsu a bayanta. Ƙarfin dantse kaɗai ba ya cin wasa a nan. Sai an haɗa da saurin hannu, karanta nufin abokan hamayya, da amincewa da juna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tarihi ma ya nuna inda rabon Afirka ya fi tsagawa. Ons Jabeur ta Tunisiya ta kai wasan ƙarshe na ɗai-ɗai a Wimbildon a 2022 da 2023, amma kofin bai zo hannunta ba. Ita kuwa Cara Black ta Zimbabuwe ta ɗauki kofin mata bi-biyu na Wimbildon har sau uku, a 2004 da 2005 da 2007, ta kuma riƙe matsayi na ɗaya a duniya a wannan fanni. A wajen Afirka akwai Sania Mirza, Musulma daga birnin Haidarabad na Indiya, wadda ta sha suka a 2005 a kan tufafin wasanta. Bayan shekara goma, ita da Martina Hingis suka cinye Wimbildon da babbar gasar Amurka a 2015, suka ƙara da ta Ostireliya a 2016. A ɗai-ɗai ba ta taɓa shiga sahun ashirin na farko ba. Bi-biyu ne ya kai ta ƙololuwa.

Dalili na biyu ya shafi halin da ake ciki a gida. Filayen tanis a ƙasar Hausa ƙalilan ne, yawancinsu a kulob-kulob da jami'o'i da barikoki. Fili ɗaya yakan ɗauki 'yan mata huɗu a bi-biyu, ke nan an ninka masu cin gajiyar fili da koci. Sannan babban abin da ke sa iyaye ɗari-ɗari shi ne tafiyar budurwa ita kaɗai zuwa Legas ko Abuja. Idan biyu ne, kuma iyayensu sun san juna, hankali ya fi kwanciya, kuɗin masauki ma a raba. Batun sutura ya yi sauƙi fiye da da, domin tun 2019 hukumar WTA mai kula da tanis na mata ta yarda a yi wasa da dogon wando. Babu abin da zai hana gasar gida ta bayyana ƙarara cewa wando da riga mai dogon hannu da ɗankwali karɓaɓɓu ne.

Ɗalibin al'adun Hausawa zai ƙara lura da wani abu. Wasannin 'yan mata na gargajiya, irin su gaɗa da tafa-tafa, na haɗin gwiwa ne. A gaɗa yarinya takan saki jiki ta faɗa da baya, tana da yaƙinin ƙawayenta za su cafe ta. Wannan yarda da juna ita ce jarin wasan bi-biyu, kuma 'yar Hausa da ita ta tashi, ko a Kano take, ko Maraɗi, ko zangon Paraku da Jugu a ƙasar Benin.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi, wato ƙarancin kuɗi. A Wimbildon ta 2024 wadda ta ci ɗai-ɗai ta karɓi fam miliyan 2.7, yayin da gwanayen bi-biyu suka raba fam 650,000 a tsakaninsu. Idan haka abin yake a sama, a gasar gida ladan ba zai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne. Amma wannan hujja ce ta gyara rabon, ba ta yin watsi da fannin ba. Kuma bi-biyu ba ya toshe hanyar ɗai-ɗai: Venus da Serena Williams sun ci manyan kofuna 14 tare, ba tare da hakan ya rage musu komai a wasanninsu na ɗai-ɗai ba.

Saboda haka abu uku ya rage ga masu shirya gasar Dala da masu ɗaukar nauyinta. Su ƙara kason kuɗin bi-biyu na mata. Su sanya wasan ƙarshensa a babban fili, a lokacin da 'yan kallo suka cika. Su kuma buɗe rukunin 'yan makarantun sakandare na mata, kowace makaranta ta turo 'yan wasa biyu tare da malama. Fitattun matan tanis na Nijeriya a shekarun nan, irin su Oyinlomo Quadre da Marylove Edwards, daga kudu suka fito. Gasar da ke ɗauke da sunan Dala ta fi kowace cancantar samar da 'yan Kano biyu da za su tsaya a ɗaya ɓangaren ragar.