Zuciyar mace ba turmi ba ce

Kai maigida, da kai nake. In ciwon zuciya ya kama namiji a garinmu, sai a shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Ɗiya su yi masa noma. A sai da tunkiya, a sa shi mota zuwa asibitin Maraɗi ko na Damagaram. To, in mace ce fa? Ƙafafunta sun kumbura, tana haki, amma ga ta bakin rijiya da guga. Ta yi daka, ta yo itace, ta hura wuta cikin hayaƙi, ga goyo a baya. In ta zauna ta huta, a ce ƙiwuya ce.

Akwai ma ciwon zuciyar da ba ya kama kowa sai mata. Yana zuwa a watan ƙarshe na ciki, ko cikin wata 5 bayan haihuwa. Zuciya ta yi rauni, ta kasa tura jini, ruwa ya taru a ƙafafu da huhu. Mai jego ba ta iya barci sai a jingine, tari ya dame ta da dare. A shekarun 1970 likitocin Zariya, can Najeriya, sun ƙidaya: cikin haihuwa 100, wajen mace 1 takan kamu. Babban asibitin Yamai ma ya karɓi irinsu da yawa.

Mu kuma me muke ba ta? Kunun kanwa, kwana 40. Kanwa ƴar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Ga wankan jego da ruwa mai ƙuna. Wasu har gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Zuciyar da ta gaji, an ƙara mata kaya ke nan. Za ka ce haka kakanninmu suka yi. Gaskiya ne. Sun kuma binne masu jego da yawa, suka ce mayu ne.

Ba ta zuwa likita sai da izninka, kuɗin mota kuma yana aljihunka. Maganin zuciya na kullum ne, ba na kwana 3 ba. Naka ba ka bari ya ƙare. Nata in ya ƙare, sai ka ce ta jira kaka. Lokotoro ya ce ta dakata da ɗaukar ciki, don wani cikin yana iya kashe ta tun zuciyar ba ta warke ba. Kai kuwa sai ka soma zancen ƙara aure!

Yau ka duba matarka. Danna yatsa a ƙaurinta. In rami ya zauna, ga haki, ga tarin dare, kai ta likita, kada ka jira ranar kasuwa. A aje kanwa, a rage gishiri a miya. Ruwan gida kuwa, kai da samarinka ku ɗau guga.