Yamai zuwa Paris: nisan bai canza ba, amma awoyin tafiya sun ninka

Tsakanin filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai da na Charles de Gaulle da ke Paris, nisan ya kusa kilomita 4,000. Kafin juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023, jirgin Air France na cinye wannan tazara cikin kimanin awa biyar da rabi, kai tsaye ta sararin Sahara. A watan Agusta na shekarar kamfanin ya dakatar da zirga-zirgarsa, sannan a watan Satumba hukumomin CNSP suka haramta wa jiragen Faransa ratsa sararin samaniyar Nijar. Daga nan ne lissafin ɗalibai, 'yan kasuwa da masu zuwa neman magani ya sauya.

Wanda ya bi ta Kasabalanka da jirgin Royal Air Maroc, tafiyarsa za ta kai kilomita 4,300 ko fiye kaɗan, wato ƙarin ba shi da yawa. Ta Istanbul da Turkish Airlines kuwa ana zarce kilomita 6,000, domin sai jirgi ya yi gabas mai nisa kafin ya juyo yamma. Ta Addis Ababa abin ya haura 9,000, fiye da ninki biyu.

Sai dai kilomita ba su ne ke cin lokacin matafiyi ba, zaman jiran jirgi na biyu ne. Hanyar Kasabalanka ba ta wuce awa bakwai a sama ba, amma idan jirgin da za a canza bai tashi da wuri ba, mutum zai kwashe rabin yini a kan kujerar filin jirgi. Shi ya sa tikiti mai araha sau da yawa shi ne mafi tsawon jira. A kuma kula da agogo: Istanbul na gaban Yamai da awa biyu, Paris kuma na daidai da mu a lokacin sanyi, tana gabanmu da awa ɗaya a lokacin zafinsu. Lokutan da ke kan tikiti na garin da ake ciki ne.

Ga ɗan Damagaram, duk wannan ma kashi na biyu ne. Kafin ya ga filin jirgin Yamai, sai ya yi kusan kilomita 900 a kan hanyar RN1, tafiyar da kan cinye wa bas yini guda cur, fiye da lokacin da jirgi ke ɗauka daga Yamai zuwa Turai sau biyu. Kano kuwa tana kimanin kilomita 240 daga Damagaram, kuma ba ta fi haka sosai ba daga Maraɗi. Tun da aka sake buɗe iyaka da Najeriya a watan Maris na 2024, filin jirgin Malam Aminu Kano ya koma zaɓi na gaske ga mutanen waɗannan jihohi biyu, duk da shingayen bincike da canjin kuɗi zuwa naira.

Hukumomi na kallon rufe sararin a matsayin batun 'yancin kai, kuma 'yan ƙasa da dama sun goyi bayan haka. Amma raguwar kujeru na nufin raguwar gasa tsakanin kamfanoni, kuma ƙarin kuɗin daga aljihun matafiyi yake fita. Tambayar da ya kamata a riƙa yi wa ma'aikatar sufuri ita ce wane kamfani ne zai haɗa Yamai da Turai kai tsaye, kuma yaushe filayen jirgin Damagaram da Maraɗi za su samu jirage na yau da kullum.