Kwikwiyon ƙasar ƙanƙara: renonsa da horonsa



Akwai wani kare da hotunansa suka cika wayoyin yaranmu: kunnuwa a tsaye, gashi fari da toka-toka, sau da yawa kuma idanu shuɗaye garau. Sunansa haski. Ƴan'uwanmu mazauna Faransa da Kanada sukan gan shi wurin maƙwabta, har a wasu manyan biranen Afirka ta Yamma ana sayar da ƴan kwikwiyonsa. Kafin yaro ya matsa a sayo masa, ya dace uba ya san irin nauyin da zai ɗauka, domin wannan dabba an yi ta ne don aiki.

Asalinsa arewa maso gabashin Siberiya ne, inda al'ummar Cukci suka daɗe suna kiwonsa don jan keken kan ƙanƙara, da kaya marasa nauyi, a tafiya mai nisa. A farkon ƙarni na 20 aka kai shi Alaska. A shekarar 1925 cutar mashaƙo ta ɓarke a garin Nom, ƙanƙara ta rufe hanyar teku. Direbobin karnuka 20 da karnuka kusan 150 suka yi ta miƙa wa juna maganin, suka ci kilomita fiye da 1,000 cikin kwana biyar da rabi. Karen da ya jagoranci zango mafi tsawo da haɗari sunansa Togo, sunan wani kwamandan jiragen ruwan yaƙin Japan, ba na ƙasar da muka sani ba. Shekararsa 12 a lokacin.

Ƙuruciyar Togo ita ce darasinmu. Yana ƙarami ba shi da cikakkiyar lafiya, ga ƙiriniya, har mai shi Leonhard Seppala ya bayar da shi ga wani gida. Sai ya fasa gilashin taga ya komo. Ya riƙa kuɓucewa yana bin manyan karnuka yana dagula musu tafiya. Da ya kai wata 8 aka ɗaura masa igiyar ja, nan take ya natsu, kafin a sauka ran nan ya riga ya kai sahun gaba. Ashe abin da ake kira taurin kai ƙarfi ne da ya rasa wurin zuba shi.

Renon kwikwiyo yana farawa tun wurin uwarsa. Ba a raba shi da ita kafin mako 8, domin a wurinta da ƴan'uwansa yake koyon sassauta cizo da zama da ƴan jinsinsa. Dokar Faransa ta hana sayar da kwikwiyo kafin wannan lokaci, tun 2022 kuma mai son karɓar kare sai ya sa hannu a takardar sanin bukatunsa, ya jira kwana 7. Daga mako 3 zuwa wajen mako 12 zuciyar kwikwiyo a buɗe take: abin da ya saba da shi a wannan tsakani, na mutane da yara da ƙarar mota da sauran dabbobi, da wuya ya firgita shi bayan ya girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wannan lokaci ne kuma likitan dabbobi yake fara masa allurar rigakafi, ta haukan kare tana zuwa wajen wata 3.

Abinci sau uku ko huɗu a yini yana ƙarami, a koma sau biyu bayan wata 6. A fitar da shi bayan kowane ci da kowane barci, zuwa wuri guda, har ya gane inda ake ba-haya. Haƙoransa na nono 28 za su zube, 42 su maye gurbinsu wajen wata 6 zuwa 7. A ba shi abin taunawa nasa, in ba haka ba takalman gida ne za su biya.

Horo kuwa a gajarce ake yinsa, minti kaɗan sau da dama a yini. Kalma ɗaya ga umarni ɗaya, kowa a gidan ya yi amfani da ita. Idan ya yi daidai a saka masa nan take da ɗan abinci ko yabo, domin kare ba ya haɗa ladan yamma da aikin safe. Duka tsoro yake koya masa, mai tsoro kuwa shi ne mai cizo. Abu biyu sun fi wuya ga haski: tafiya da igiya ba tare da ja ba, tunda ja gadonsa ne, da amsa kira idan ya hango abin kora. Idan ya ja, mai shi ya tsaya cak, sai igiya ta saki a ci gaba. Masu kiwonsa ba sa sakinsa a fili marar shinge, shingen ma sai mai tsawo, wanda aka binne gindinsa, don gwanin tsalle ne da tono. Gudu mai nisa da jan kaya a bari sai ƙashinsa ya ƙosa, wajen shekara guda. Bayan nan yana bukatar motsa jiki sosai kullum. Wanda aka ɗaure shi kaɗai zai cika unguwa da kuka irin na kyarkeci.

Saura batun zafi. Gashinsa hawa biyu ne, na ciki mai laushi da kauri, yakan zubar da shi sau biyu a shekara. Ba a aske shi, domin yana kare fata daga rana. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, a watan Afrilu da Mayu kuwa zafin Yamai yakan wuce digiri 40. Dabbar da dole ta yi gudu kullum, a ƙasar da gudun rana zai iya kashe ta, ta shiga tsaka mai wuya. A dubi karen Azawak na makiyayan arewacin Tawa, siriri mai gajeren gashi da dogayen ƙafafu: kowace ƙasa da karen da ya dace da ita.

Addininmu ya yi rangwamen riƙon kare don farauta da tsaron dabbobi da gona. Haski ba mai gadi ba ne, baƙo ma murna yake yi da shi, kaji da kyanwa kuma ba su tsira daga gare shi ba. Mai shakka ya tambayi malaminsa kafin ya saya. Wanda kuma ya riga ya karɓa, ya tuna an gafarta wa wani mutum saboda shayar da kare mai ƙishirwa. Haski yakan rayu shekara 12 zuwa 14. Yaron da ya roƙe shi yana lakwal zai iya barin gida, karen yana nan yana jiran ruwa da inuwa da mai fita da shi da asuba. Uba ya auna wannan amana tun kuɗi suna aljihunsa.

Allah ya sa mu zama masu tausayin abin da ke hannunmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.