Ku Ji Tausayin Sabon Likitan Dabbobi

Jama'a, yaron nan da aka turo muku shekara 6 ya yi a jami'a, ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, yana koyon ciwon dabbobi. To, yaya muke karɓarsa?

Ba mu kiransa sai saniya ta kwana uku a kwance, an gama ɗura mata jiƙe-jiƙe. In ta mutu a ce yaro bai iya ba. In ya nemi kuɗin magani a ce ai aikin gwamnati ne.

Ga kuma haɗari. Saniya mai bakkale in ta yi ɓari, ya sa hannu tsirara ya ciro mabiyiya, cutar tana iya kama shi, zazzaɓi ya yi ta tafiya yana dawowa wata da watanni. Balle harbin sa, wanda ba ya sallama.

Irinsu ne fa suka bi ruga-ruga da allura har aka yi shelar ƙarewar bushiya a 2011. Saboda haka in ya zo, ku gaya masa gaskiyar ciwon, ku ɗaure dabbar da kyau, ku kawo ruwa da sabulu, ku biya shi kafin ya hau babur.