Bauta Ba Wasa Ba Ce

Masu karatu, yau da malaman tarihi nake, masu koyarwa da wasan kwaikwayo ta intanet. Yaro zai zauna gaban kwamfuta, a ba shi sunan wani mutumin zamanin da, shi zai zaɓi abin da zai faɗa da inda zai nufa, labarin ya riƙa juyawa bisa zaɓinsa.

Ni marubuciya ce, na san amfanin mai karatu ya ji kamar shi ne a cikin labari. A 2010 shirin Mission US na Amurka ya fito da wasansa na farko. A ciki ɗalibi zai zama yaron maɗaba'a a Boston a 1770, shekarar da sojojin Ingila suka harbe mutum 5. Zai saurari masu goyon bayan sarki da masu adawa, ya auna, ya ɗauki ɓangare. Madalla! Mutanen Boston sun yi wannan zaɓin da gaske.

To amma a 2012 sai ga wani, wai ɗalibi ya zama Lucy, baiwa 'yar shekara 14 a Kentucky a 1848, ya nemi hanyar guduwa, har da lambobin yabo. Haba jama'a! A 1860 bayi kusan miliyan 4 ne a Amurka. Shin duk dabara ce ba su iya ba? Yaro in an kama shi zai danna ya sake daga farko. Uwar da aka sayar da ɗanta fa, ina za ta danna?

Abin ma bai tsaya nan ba. Wani kamfanin ƙasar Denmak ya yi wasan da ake jera 'yan Afirka a cikin jirgin ruwa kamar bulo, sai da aka yi ca a 2015 sannan ya cire wannan ɓangaren.

Za a ce ai tausayi ake koya wa yara. Ni dai a ganina, wanda ya wuce da azaba cikin minti talatin zai tashi yana zaton ya san ta, alhali ko ƙyallinta bai gani ba.

Don haka malamai, inda mutane suka yi muhawara, a bar yara su kwaikwaya. Inda aka ƙwace musu zaɓi kuwa, a ba yara littafin Frederick Douglass na 1845, wanda ya ɗanɗani bautar ya rubuta da hannunsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.