Agogon Gudun Akori-kura: A Auna Kafin a Kwance

Duk wanda ya saba shiga tsofaffin akori-kura masu jigilar hatsi da dabbobi zuwa kasuwannin mako, Peugeot 504 haɗin Kaduna ce ko Toyota Hilux da ta ga jiya ta ga yau, ya san halin da agogon gudunsu yake ciki. A wata motar allurar ta kwanta a sifili, a wata tana rawa, a wata kuma tana tsaye cak a kan lamba alhali lambar ba gaskiya ba ce. Wannan na ukun ya fi haɗari, domin mataccen agogo ba ya yaudarar kowa, amma mai aiki bisa kuskure direba ya riga ya ba shi amana. A ganina, agogon gudu kayan tsaron rai ne kamar birki da fitila, kuma gano ciwonsa aikin awo ne. Abin da ya sa gyaran yake cin kuɗi a banza shi ne a kan ɗora wa agogon laifi a sauya shi, alhali galibi ba a nan gizo yake saƙa ba.

Agogon ba ya ganin hanya, juyi kawai yake ƙirgawa. A tsohon tsari, wanda Bajamushe Otto Schulze ya yi wa rajista a 1902, akwai ƙaramin giya na roba a bayan giyabos wanda yake juya kebul, kebul ɗin kuma ya juya maganaɗisu a cikin wani ɗan kofi na alminiyam. Gwargwadon saurin juyin maganaɗisun, gwargwadon yadda yake jan kofin da allurar da ke kansa, wani siririn sifirin kuma yana riƙe da ita kada ta zarce. Motocin da suka biyo baya sun sa sensa da waya a madadin kebul, amma lissafin bai canja ba: kamfani ya ɗauka cewa juyi kaza yana nufin tafiyar kilomita guda, da sharaɗin taya da aksil na baya su ne waɗanda motar ta fito da su.

Wannan sharaɗin ne tsohuwar mota ba ta cika cikawa. Mai akori-kura yakan sa manyan tayoyi don ramuka da kaya. Tayar 205/80R16 tsayinta kusan milimita 734 ne, ta 265/70R16 kuwa kusan 777, bambancin kashi 6 cikin ɗari ke nan. Babbar taya tana cin ƙasa mai yawa a kowane juyi, don haka idan allura ta nuna 100, motar tana kan 106. Aksil ma haka. Idan na asali mai lissafin 4.56 ya lalace aka sayo na hannu mai 4.10 saboda ya shiga mazauninsa, agogo zai nuna 90 a lokacin da motar take zuba 100. Haka nan idan aka sauya giyabos aka bar giyan robar da yawan haƙoransa bai dace ba. Akwai kuma motocin da aka shigo da su daga Amurka, waɗanda manyan lambobin agogonsu mil ne, inda 60 take nufin kusan kilomita 97. A duk waɗannan, agogon lafiyarsa lau, labarin da ake kai masa ne gurɓatacce, kuma ko sabo fil aka sa zai maimaita ƙaryar.

Saboda haka bakanike na ƙwarai yakan fara ne da hanya kafin ya ɗauki sifana. A sami miƙaƙƙen titi, direba ya riƙe 40, sannan 60, sannan 80, wani a gefensa yana duba abin da GPS na waya yake nunawa yana rubutawa. Inda babu waya, alamomin kilomita da agogon hannu sun wadatar, domin mota mai gudun 60 tana cin kilomita guda a daƙiƙa 60 cif. Daga nan sai a kwatanta lambobin da ke ƙirga nisan tafiya da nisan da aka tabbatar. Idan kuskuren yana ƙaruwa tare da gudu, kuma ƙirgen kilomita ya kauce da irin wannan kaso, to a duba taya da aksil da giyan roba. Idan ƙirgen kilomita daidai yake amma allura tana ƙarya, ciwon yana cikin agogon: maganaɗisun da ya yi sanyi yana rage lamba, sifirin da ya saki yana ƙara ta. Idan ratar ɗaya ce a kowane gudu, allurar ce ta goce daga mazauninta. Rawar allura yawanci kebul ne da ya bushe ko ya lanƙwashe, sau da yawa giris ya ishe shi. Idan allura da ƙirge sun mutu tare, kebul ya tsinke ko haƙoran giyan sun cinye, a mota mai sensa kuma a fara da tsatsar soket da wayar as kafin a taɓa sensar.

Tsohon direba zai ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, shi kunnensa da ƙarar inji sun ishe shi. Gwanintarsa gaskiya ce, sai dai babbar taya da aksil mai sauƙin juyi suna rage ƙarar inji a daidai lokacin da gudu ya ƙaru, wato abin da ya ruɗi agogo shi ne yake ruɗin kunne. Kuma wanda ya daɗe a kan babbar hanya jikinsa yakan saba, har ya shiga gari da 70 yana jin kamar rarrafe yake yi. Wani zai ce ratar kilomita goma ba ta kai a damu ba. Nisan da birki yake buƙata yana haurawa ne da gudu sau gudu, don haka daga 90 zuwa 100 yana ƙaruwa da kusan kashi 23 cikin ɗari, ga kuma buhunan masara a baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mummunan hatsari da kashi 4.

Akwai masu cewa ai sabuwar mota ma agogonta ba daidai yake ba. Haka ne, amma da gangan aka karkatar da shi ta gefen tsira. Ƙa'ida ta 39 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙera motoci ta hana agogo ya nuna ƙasa da ainihin gudu, ta yarda ya ɗara da abin da bai wuce kashi 10 da ƙarin kilomita 4 ba. Babbar taya tana cinye wannan rangwamen ta juya kuskuren ta gefen halaka. Masu cewa waya ta wadatar kuma su tuna cewa GPS ma'auni ne mai kyau na ranar gwaji, amma caji yana ƙarewa, siginar tauraron ɗan'adam tana yankewa, kuma idon da ke kan waya ya bar titi. Batun tsada kuwa, shi ne hujja mafi ƙarfi ta a auna tukuna, domin kebul da giyan roba ba su kai kuɗin agogo ba. Ƙirgen da yake rage kilomita ma asara ce, tunda yana jinkirta juyen baƙin mai yana kuma ɓata lissafin fetur.

Tun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC take tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu, to ya dace jami'an duba motoci na VIO su ma su riƙa neman agogo mai faɗin gaskiya kafin su ba da takardar lafiyar mota, shugabannin tasha kuma su sa shi cikin abin da suke dubawa. Kafin nan, nauyin yana wuyan mai mota: ranar da ya sauya taya ko aksil ko giyabos, ranar ya kamata ya auna agogonsa. A kasuwa ba mu yarda da mudun da aka tauye ba, ko da hatsi kawai yake aunawa. Agogon gudu kuwa abin da yake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin gaban mota da yaron da ke tsallaka titi.