Kada a yi saurin jefar da kebul ɗin HDMI

A ɗakin taro, kebul ɗin HDMI ne ke harɗe ƙafar mutane, kuma idan tsawonsa ya haura mita 15 hoto kan fara yankewa. Shi ya sa ake komawa ga na'urori biyu, ɗaya a jikin kwamfuta tana tura hoto ta iska, ɗaya a bayan talabijin tana karɓa. Ba sa cin data, amma kowacce sai da wuta.

Ga mai gabatar da lacca, an samu sauƙi. Mai gidan kallon ƙwallo kuwa ya yi hattara. Masu arhar suna rage kyawun hoto, suna jinkiri, bangon siminti kuma yana kashe musu ƙarfi. Hoto ya daskare ana tsaka da bugun fanareti, gobe 'yan kallo gidan maƙwabci za su kai kuɗinsu.